Ruwan sama da fatsar salmon: yaushe ake shiga kogi, yaushe ake jira?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar fatsa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan harka. Shekarata ta biyu ke nan da fara koyon kamun kifin salmon da ƙudan gashi, wato ƙugiyar da ake ɗaure wa gashin tsuntsu da na dabba, kuma har yau ban kai ko ɗaya gaɓa ba. A makon ƙarshe na watan Yuli ɗin nan na samu izinin kwana uku, daga Alhamis zuwa Asabar, a wani ƙaramin kogi da ke yammacin Sikotlan, irin gajerun kogunan nan da ke gangarowa daga duwatsu su faɗa teku ba tare da wani babban tafki a samansu ba. An yi kusan mako huɗu rabon wurin da ruwan kirki, har mai kula da kogin ya ce mini duwatsun tsakiya duk sun fito fili, kifi kuma yana can bakin teku yana jira. Yanzu kuma hasashen yanayi ya nuna za a sako ruwa mai ƙarfi daga daren Laraba har zuwa tsakar ranar Alhamis, daga nan sai yayyafi jefi-jefi.

Dalilin tambayata shi ne abin da ya same ni bara. Na isa wani kogi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na yi murna domin kowa yana cewa salmon ruwa yake so, na wuni ina jifa cikin ruwan da ya yi jawur, ganye da ƙirare suna ta sarƙe mini ƙugiya, ban ji ko motsi ba. Washegari gajiya da ɓacin rai suka sa na tafi da sassafe, sai daga baya na samu labarin cewa a wannan ranar da na bari, mutum biyu da suka zo bayana sun kama kifi har biyar a gurbin da na wuni a kansa, wato wurin nan mai zurfi na kogi inda kifi ke kwanciya. Abin ya tsaya mini a rai, kuma ba na so in maimaita shi.

Saboda haka ina so a fahimtar da ni: a cikin kwana ukun nan, wane lokaci ya kamata in ba ƙarfi? Wane irin ƙuda da wace igiya suka dace idan kogi ya kawo? Kuma tun da izinin ya haɗa da tirawut na teku, wani kifi ɗan'uwan salmon, wanda na ji an ce da dare ake kama shi, shin ruwan sama yana gyara fatsar dare ko ɓata ta yake yi? Kayan da nake da su su ne sanda mai hannu biyu, ƙafa 13, da igiya mai yawo a saman ruwa, sai kuma ƙaramar sanda mai hannu ɗaya, ƙafa 10. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Fatsa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Da farko ina taya ka murna, domin idan hasashen nan ya tabbata, ka dace da irin kwanakin da wasu ke shekaru suna biyan kuɗin izini ba su gamu da su ba. Abin da ya same ka bara kuwa ya sami kusan kowa a farkon koyo, kuma tushensa ɗaya ne: ka dubi sama alhali kogi ya kamata ka duba. Kifin da ke cikin gurbi bai damu da ruwan da ke zuba a kan hularka ba. Abin da ke motsa shi shi ne ko kogin yana hawa ne ko yana sauka, da kuma yadda launinsa yake.

Bari in bi maka abin daki-daki yadda na saba ganinsa. Lokacin da kogi ya fara ɗagawa, a incin farko zuwa na biyu, tun ruwan bai gurɓace ba, kifin da ya daɗe a kwance yakan farka, kuma akan samu ɗan taƙaitaccen lokaci, wani zubin bai fi rabin awa ba, da zai iya cafkar ƙuda. A naka lissafin wannan zai faɗo ne cikin daren Laraba, saboda haka ka cire shi daga ranka. Bayan wannan sai hawa na sosai, ruwa ya ɗauko laka da ganye da duk tarkacen da ya taru a gaɓa, kifin kuma ya kama tafiya. Salmon mai tafiya ba ya kallon ƙuda, hankalinsa yana kan isa sama, kuma a wannan halin ne ka wuni kana jifa bara. Sai ruwa ya kai iyakarsa, ya tsaya, ya fara janyewa. A nan ne kifin da ya taso daga teku yake tsayawa ya huta a sabon wurin da bai saba da shi ba, kuma sabon kifi da bai daɗe da tsayawa ba shi ne ya fi kowane saurin cafka. Ka tuna cewa salmon ba ya cin abinci bayan ya baro teku, da kitsen jikinsa yake rayuwa har ya zuba ƙwai a ƙarshen shekara, don haka ba yunwa kake nema ka tarar ba, wannan ɗan lokacin na zumuɗi kake farauta, kuma yana raguwa da kowace rana da kifin ya ƙara a cikin kogi.

Da isarka ranar Alhamis, ka samu ɗan kara ka kafa shi daidai bakin ruwa, ka koma ka zauna. Bayan minti ashirin ka duba. Idan ruwa ya haye karan, ka ci gaba da hutawa, ka gyara kayanka, ka zagaya ka ga hanyoyin shiga da fita. Idan ka tarar karan ya koma kan tudu, lokaci ya kusa. Hukumar kula da muhalli ta Sikotlan, SEPA, tana wallafa tsayin ruwan koguna da dama a intanet, kuma idan naka yana cikinsu za ka ga layin hawa da sauka tun kana masauki, amma duk da haka ban taɓa barin kafa kara ba, domin ma'aunin yana iya kasancewa nesa da inda kake. Game da launi, gwajin da nake yi shi ne in shiga ruwa iya gwiwa a wuri marar haɗari in dubi takalmina. Muddin ruwan yana kama da shayin da aka zuba wa madara, ban ganin ƙafata, to da saura. Idan ya koma kamar baƙin shayi, duhu amma garau, ina hango takalmin, to ko abinci ba na tsayawa ci.

Akwai abu ɗaya da zai iya jinkirta maka. Cikar farko bayan dogon fari ita ce mafi datti, domin ita ke wanke hanyoyi da magudanan daji da gansakukar da ta yi kauri a kan duwatsu, kuma sau da yawa na ga kifi ya yi shiru a irinta fiye da yadda ake zato. Kada hakan ya karya maka gwiwa idan yammacin Alhamis bai ba da komai ba. A irin koginka, wanda babu tafkin da zai riƙe masa ruwa, saukar tana da sauri ƙwarai, abin da ya hau cikin dare yana iya komawa cikin wuni ɗaya, saɓanin babban kogi kamar Tay da manyan tafkuna ke ciyar da shi ya yi kwanaki a cike. Idan da ni ne, ƙarfina zai tafi ne a kan yammacin Alhamis da kuma asubahin Juma'a, kuma zan kasance a bakin ruwa tun gari bai gama wayewa ba.

Inda kifi ke kwanciya ma yana sauyawa da tsayin ruwa, kuma wannan ne kuskure na biyu da masu koyo ke yi. Wurin da aka nuna maka a lokacin rani, can wuyan gurbi inda ruwa ke shigowa da ƙarfi, idan kogi ya cika babu kifin da zai tsaya a nan yana kokawa. Yakan koma wutsiyar gurbi, inda ruwa ya yi laushi kafin ya sake gangarawa, ko cikin kwana ta ɓangaren da gudun ruwa ya yi sanyi, ko bayan babban dutse, kuma sau da yawa bai fi tsawon sanda ɗaya ko biyu daga gaɓa ba. Na sha ganin mutum ya kutsa cikin ruwa har ƙugu yana ƙoƙarin kai jifa ƙetare, alhali a kan makwancin kifin yake tsaye. Ka tsaya a tudu, ka fara da gajeriyar igiya, ka jefa a karkace zuwa gangare, ka bar ƙudan ya kewayo a hankali har ya miƙe a ƙasanka, ka ɗan jira, sannan ka yi taku ɗaya ka sake. Yayin da ruwa ke sauka, kai ma kana matsawa sama zuwa tsakiyar gurbi da wuyansa.

Batun igiya da ƙuda yana bin zafin ruwa. Tsohuwar ƙa'idar da aka gada tun zamanin A.H.E. Wood, wanda ya yi suna a Cairnton a kan kogin Dee a farkon ƙarni na 20, ita ce idan zafin ruwa ya haura kimanin digiri 9 a ma'aunin Salshiyos, kifi yakan taso sama ya ɗauki ƙaramin ƙuda, idan kuma bai kai ba sai a nutsar masa da babba. A watan Yuli ruwanka ya wuce wannan nesa, don haka igiyarka mai yawo ta isa. Abin da za ka ƙara shi ne ɗan guntun baki mai nutsewa da ake ɗaurawa a ƙarshenta, domin kada ƙarfin ruwa ya riƙa jan ƙudan yana tsere a sama, sai zaren nailan gajere, ƙafa huɗu zuwa biyar, mai ɗaukar laba 15. Ka fara da ƙuda mai ɗan girma, inci ɗaya da rabi ko biyu, mai ruwan lemo da rawaya da baƙi, domin su ne ke fitowa a ruwa mai duhu. Ƙudaje irin su Cascade da Ally's Shrimp, waɗanda Alastair Gowans ya ƙirƙira, da kuma Willie Gunn, duk an san su da wannan aiki. Ruwa na sauka yana washewa, kana rage girma, har ranar Asabar ka iya samun kanka da ƙaramin Stoat's Tail baƙi, ka kuma cire bakin nan mai nutsewa.

Na ƙarshe, kuma ina roƙonka ka riƙe shi da kyau: idan ka ji an taɓa, kada ka fizge. Salmon yakan ɗauki ƙuda ya juya ya koma makwancinsa, kuma juyawar nan ce ke dasa ƙugiya a gefen bakinsa. Ka bari sai ka ji nauyinsa sosai, igiya ta fara fita, sannan ka ɗaga sanda a natse.

Mai Bin Dare ya amsa:

Baba ya gama magana a kan salmon, ba ni da abin ƙarawa. Ni ɓangaren tirawut na teku zan taɓa, domin a kansa na fi daɗewa, galibi a kogunan Wels irin su Towy da Teifi, inda ake kiransa sewin, kuma a nan lissafin ruwan sama ya sha bamban.

Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, da dare aka fi kama shi, amma dalilin shi ne kifi ne mai tsananin tsoro. Idan ruwa ya yi ƙasa ya yi garau, inuwar mutum kaɗai ta isa ta watsa garke guda, shi ya sa ake jira sai duhu ya rufe. Wato fatsar dare ta ruwa ƙarami ce mai haske. Da zarar kogi ya kawo ya yi duhu, dare ya daina amfani, domin kifin ba ya ganin ƙudan yadda ya kamata, kai kuma kana jefa ranka cikin haɗari a banza. Sai dai abin da ruwan ya ƙwace maka da dare yakan mayar maka da rana: launin da ya shiga ruwan yana cire wa kifin tsoro, sai ka same shi yana cafka da rana tsaka a daidai lokacin saukar ruwan da Baba ya bayyana. Don haka daren Alhamis ka yi barcinka. Ranar Juma'a, bayan ka bi gurbi da babbar sanda, ka ɗauki ƙaramar ka sake bin wutsiyarsa da gefe-gefen da ruwa ya yi laushi, da ƙuda mai jikin azurfa kamar Teal, Blue and Silver, lamba 8 ko 10, kana ɗan jan igiyar da yatsu domin ya yi rai.

A nan ne zan ɗan saɓa wa Baba, tare da girmamawa. Shawarar kada a fizge ta salmon ce. Tirawut na teku yakan kawo cafka da sauri ya saki da sauri, kuma wanda ya tsaya jiran nauyi zai rasa da yawa. Da ka ji shi ka ɗaga sanda nan take, amma ba da ƙarfi ba, domin wanda bai daɗe da barin teku ba bakinsa yana da taushi, ƙugiya tana iya yage shi. Na san wannan yana rikita mai koyo, tun da a ruwa ɗaya kifayen biyu suke. Abin da nake yi shi ne in bar sandar da ke hannuna ta yanke mini hukunci: da babba ina jira, da ƙarama ina amsawa.

Idan ruwa ya washe zuwa yammacin Juma'a, har kana iya ƙirga tsakuwa a wutsiyar gurbi, to wannan daren naka ne, kuma yana iya zama mafi kyau a wata guda, domin kogin cike yake da sabon kifi. Yayyafi mai ɗumi a ƙarƙashin gajimare mai kauri ba ya ɓata komai, hasali ma shi ne daren da muke roƙo. Wanda ke kashe fatsa shi ne idan sama ta yaye bayan ruwa, taurari suka fito, iska ta fi ruwa sanyi, farin hazo ya kwanta a kan kogi. Idan ka ga haka, da wuya ka ji motsi sai hazon ya ɗaga. Kada ka fara sai launin ciyawar gaɓa ya ɓace maka, kada ka haska tocila a kan ruwa, kuma kada ka shiga inda ba ka taka da rana ba. Ka lura kuma da cewa a arewa haka, a ƙarshen Yuli, duhu ba ya kamawa sosai sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kuma dokar Sikotlan ta hana kamun salmon da tirawut na teku ranar Lahadi, saboda haka daren Asabar da ƙarfe goma sha biyu dole ka naɗe. Kusan awa ɗaya ke nan kawai, shi ya sa na ce ka dogara da Juma'a.

Wani abu da zai yi maka amfani shi ne rarrabe su idan ka kama, tun da a wannan wata ƙananan salmon da suka yi hunturu ɗaya kacal a teku suna shigowa, kuma girmansu yana kusa da na babban tirawut. Wutsiyar salmon tana da ɗan rabuwa, kuma gindinta siriri ne mai kauri a ƙarshe, har ana iya riƙe shi a nan. Ta tirawut kusan a miƙe take, gindinta kuma faffaɗa ne mai sulɓewa. Tirawut yana da ɗigo-ɗigo da yawa har ƙasan layin da ya ratsa gefen jikinsa, kuma ƙashin leɓensa na sama yana wuce bayan idonsa. Idan ka ga ƙwarƙwatar teku a jikin ko wanne, alama ce bai fi 'yan kwanaki da shigowa ba, domin ba ta daɗewa a ruwan daɗi.

'Yar Gaɓa ta amsa:

Malam Sabon Hannu, na karanta amsoshin magabatana na ƙaru, amma akwai abin da nake ganin ya kamata a faɗa da babbar murya, domin ni ya taɓa kusan cin raina. Kogin da ke sauka da sauri, da sauri yake hawa, kuma ba lallai ne ruwan ya zuba a kanka ba kafin ya iso maka. Shekaru kaɗan da suka wuce na tsallaka zuwa wani tsibirin tsakuwa a tsakiyar irin wannan kogi, ruwa iya ƙauri, rana tana haskawa inda nake, ashe can kan duwatsu hadari ya sauke. Abin da na fara lura da shi shi ne ganye da 'yan ƙirare suna wucewa, sai ƙarar kogin ta sauya, sai na ga dutsen da na ajiye jakata kusa da shi ya nutse. Kafin in naɗe igiya in juyo, mashigar da na bi ta kai mini ƙugu, kuma ba don sandar dogarawa da ke hannuna da kuma ikon Allah ba, da ban fita ba. Duk abin bai kai minti goma sha biyar ba. Kogin Findhorn na Sikotlan ya yi ƙaurin suna a kan irin wannan hawa na farat ɗaya, amma kowane ƙaramin kogin dutse yana iya yin haka.

Tun da hasashenku ya ce za a ci gaba da yayyafi, ina ba ka shawara kada ka tsallaka ko'ina da sai ka sake ratsa ruwa kafin ka dawo. Ka sa rigar ceto irin mai kumbura da kanta idan ta jiƙe, a saman rigar ruwanka ba a ƙarƙashinta ba, ka ɗaure bel a kan wandon shiga ruwa, ka riƙe sandar dogarawa mai nauyi a ƙasa. Takalmi mai ƙusoshi ya fi, domin mai tafin tsumma yana riƙe dutse amma a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da taɓo santsi gare shi ƙwarai, kuma yawancin faɗuwar da na gani a gaɓa ta faru, ba cikin kogi ba. Idan ƙaddara ta sa ruwa ya ɗauke ka, ka saki sanda, ka kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba wajen gangare, hannuwa a buɗe, ka bar ruwan ya kai ka inda ya yi laushi, sannan ka rarrafa ka fita, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa a cikin gudun ruwa. Idan kuma ka ji tsawa, ka kwantar da sandar a ƙasa ka nisance ta, domin irin sandunan yanzu na kabon suna ɗaukar lantarki. Tabarau da hula ma wajibi ne, tun da ruwa yakan zo da iska, iska kuma takan karkato da ƙugiya zuwa fuska. Kada ka sa kayan auduga a ciki, domin idan suka jiƙe sanyi suke riƙewa, kuma ko a watan Yuli mutum yana iya daskarewa idan ya wuni a jiƙe. Ulu ko irin yadin roba mai saurin bushewa ya fi.

Sai batun kifin kansa, wanda nake ganin hakki ne a kanmu. A watan Disamba na 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya salmon na Birtaniya cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Tun daga 2016 gwamnatin Sikotlan take rarraba koguna mataki uku kowace shekara, kuma a kogin da ya faɗa mataki na uku, wanda da yawan kogunan yamma suke ciki, doka ce a saki duk salmon da aka kama. Ka karanta takardar izininka da kyau, ka kuma riƙe ta a jikinka, domin a Sikotlan rubutaccen izini shi ne hujjarka. Ka danne kunnen ƙugiya da filaya tun kafin ka fara, ka yi amfani da koma mai laushi marar ƙulli, kada ka ja kifi kan tsakuwa, kada ka ɗaga shi ta wutsiya. Ka cire ƙugiyar yana cikin ruwa, ka riƙe shi kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa har sai ya buga da kansa ya tafi. Ruwan saman nan alheri ne ta wannan fuskar ma, domin yana sanyaya kogi, kuma kifin da aka saki a ruwa mai sanyi ya fi saurin farfaɗowa a kan wanda aka wahalar a ruwan da ya doshi digiri 20.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Baba, Yaya, da ke Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, na fahimci inda na kuskure bara, kuma yau ɗin nan zan nemi rigar ceto da sandar dogarawa, waɗanda a gaskiya ban yi niyyar saya ba kafin in karanta labarinki. Saura tambaya biyu. Idan yayyafin da aka yi hasashe ya fi ƙarfin yadda ake zato, kogin ya fara sauka sannan ya sake hawa, ya zan yi? Na biyu, wani abokina ya ce idan ruwa ya ƙi washewa in ajiye ƙuda in koma ga tana ko ƙarfen nan mai ƙugiya da ke juyawa cikin ruwa idan ana jan sa, wai su ne ke aiki a ruwa mai datti. Shin hakan daidai ne?

Tsohon Mai Fatsa ya sake amsawa:

Ɗana, tambayarka ta farko ta taɓo yanayin da ya fi kowane wahala. Kogin da ke hawa yana sauka yana sake hawa cikin wuni ɗaya ba ya barin kifi ya natsu, kowace ɗagawa tana sake tayar da shi ya kama hanya, kuma na sha yin kwana biyu cur a irin wannan ban ji komai ba, alhali ina ganin kifi yana tsalle yana wucewa. Abin da za ka iya yi shi ne ka riƙa sabunta karanka kowace awa, ka yi jifa a duk tazarar da ruwa ya tsaya ko ya ɗan ja baya, ko da ta awa ɗaya ce, sannan ka nemi wuraren da kifi mai tafiya ke ɗan dakatawa ya numfasa, musamman wutsiyar gurbin da ke saman doguwar gangara mai ƙarfi. A irin wannan wuri ba laifi ka tsaya waje ɗaya ka yi ta maimaita jifa, in dai babu wanda ke jiran layi a bayanka, domin kifin ne ke zuwa maka. Kuma ka tuna da ɗan lokacin nan na farkon ɗagawa da na ce ka rasa a daren Laraba: idan kogin ya washe sannan sabon ruwa ya fara ɗaga shi kana tsaye a gaɓa, ka samu damarsa, sai ka yi amfani da ita daga tudu, ka daina da zarar ganye ya fara saukowa. Cika ta biyu kuma takan fi ta farko tsabta, tun da an riga an wanke dattin, don haka saukarta tana iya fin ta farkon albarka.

Game da shawarar abokinka, gaskiya ne tana da ƙarfe mai juyawa suna kama kifi a ruwan da ya fi ƙarfin ƙuda, amma kafin komai ka duba izininka, domin koguna da yawa ƙuda kaɗai suka yarda da shi, wasu kuma ba sa barin a jefa ƙarfe sai ruwa ya haura wata alama da aka sa a jikin gada ko dutse. Tana kuwa ni ban ba ka shawararta ba ko da an halatta, saboda kifi yakan haɗiye ta har ciki, kuma wanda ƙugiya ta kama a maƙogwaro yana zubar da jini da wuya ya rayu bayan an sake shi. Ka kira mai kula da kogin ranar Laraba da yamma, ka tambaye shi a wane tsayi kowane gurbi yake fara ba da kifi da kuma wanda ke fara washewa, domin sau da yawa saman inda wani rafi mai laka yake shigowa yakan riga ƙasansa tacewa da awanni, kuma shi ne zai san sunan rafin da inda za ka ajiye mota ka isa wurin.